Ƙwaron huda a gonar gahawa mai eka 5 a Kona, daga 2010 zuwa 2021

Gonar da inda take

A yammacin babban tsibirin Hawai, wata jihar Amurka can tsakiyar tekun Fasifik, akwai wani siririn yanki da ake kira Kona. A gangaren duwatsu biyu masu aman wuta yake kwance, Hualalai da Mauna Loa. Tsawon inda ake noman gahawa ya kusa kilomita 50, faɗinsa kuwa bai wuce kilomita uku zuwa huɗu ba, amma gahawar da ke fitowa daga wannan ɗan zirin tana cikin mafi tsada a duniya. Rabon Hualalai da amai tun 1801. Mauna Loa kuwa yana nan da ransa, ko a Nuwamban 2022 sai da ya zubo wuta.

Ƙasar wurin ba irin wadda za a sa garma a ja kunya ba ce. Narkakken dutse ne da ya daskare ya farfashe, baƙar turɓaya ta cike tsakankaninsa, ruwa ba ya kwanciya a kai. Da safe rana ta fito tarwai, da azahar gajimare ya lulluɓe gangaren a yi yayyafi, da dare a ji ɗan sanyi. Wannan inuwa ta kyauta ita ke sa 'ya'yan su nuna a hankali, ɗanɗanonsu ya yi laushi.

Wani ɗan mishan mai suna Samuel Ruggles ne ya kai gahawa Kona a 1828. A 1892 Hermann Widemann ya shigo da wani iri daga Gwatamala, shi ne ya zama Kona Typica da ya mamaye yankin. Da farashin gahawa ya faɗi warwas a 1899, sai masu manyan gandaye suka yayyanka su ƙanana suka ba da haya, yawanci ga 'yan Japan da suka baro aikin gonakin rake. Shi ya sa har yau ɗaruruwan ƙananan gonaki ne a Kona, yawancinsu iyali ke riƙe da su.

Gonar da za mu bi tana Kona ta Kudu, kimanin mita 450 sama da teku. Gonar haya ce mai eka 5, da bishiyoyi wajen 2,500, duk Typica. Wata mata ce ke riƙe da ita, ta karɓa daga hannun mahaifinta, wanda shi ma a cikinta ya tashi. Rabin abin da ta tsinka takan sayar da shi ɗanye ga masu inji, a auna a biya ta. Sauran rabin ita ke ɓare shi, ta jiƙa, ta wanke, ta shanya a kan hoshidana, wato dakalin katako mai rufin da ake turawa ya rufe idan hadari ya taso. Wannan rabin shi ke riƙe gidan, don shi take soyawa ta sayar da sunan gonarta.

Ɗan gahawa bai fi ɗan magarya girma ba. Kore ne, idan ya nuna ya koma ja, a cikinsa akwai ƙwaya biyu suna fuskantar juna. Jihar Hawai na raba ƙwayar Kona daraja-daraja bisa girma da yawan aibi: Extra Fancy a sama, sai Fancy, Number 1, Select, Prime. Ƙwaya mai huda aibi ce. Idan irinta suka yi yawa a buhu, sai ya gangaro daga wannan mataki zuwa na ƙasa, har ya fita daga abin da doka ta yarda a kira gahawar Kona.

Satumba 2010: an ga huda

A watan Satumban 2010 ma'aikatar gona ta jihar ta tabbatar cewa ƙwaron huda 'ya'yan gahawa, wanda masana ke kira Hypothenemus hampei, ya shigo Kona. Asalinsa daga Afirka ne. Ya daɗe da zagaye kusan duk ƙasashen da ke noman gahawa, Hawai na cikin 'yan tsirarun da suka rage. Kafin shekarar ta ƙare an sa takunkumi kan fitar da ɗanyar gahawa daga tsibirin zuwa sauran tsibiran jihar sai an yi mata magani.

Duk wanda ya taɓa buɗe buhun wake ya tarar ƙwari sun mayar da shi gari zai gane halin wannan ƙwaro, sai dai shi tun a kan bishiya yake aikinsa. Baƙi ne, tsawonsa bai kai milimita 2 ba, ƙwayar riɗi ta fi shi. Macen ce ke tashi. Takan sauka a cibiyar ɗan gahawa, daidai inda fure ya faɗi, ta huda rami kamar na tsinin allura. Idan ƙwayar ciki ruwa-ruwa ce sai ta tsaya a bakin ramin ta jira. Da ƙwayar ta fara tauri sai ta kutsa ciki ta zuba ƙwai gommai. Tsutsotsin su ci ƙwayar, su girma a wurin, su yi barbara a junansu, don mazan ba sa tashi kuma ba sa fita, cikin kusan wata guda sababbin mata sun shirya. Sinadarin kafeyin na cikin gahawa, da ke kashe wasu ƙwari, shi bai dame shi ba, akwai ƙwayoyin bakteriya a hanjinsa da ke narkar da shi.

A kakar 2010 mai gonar ba ta ga wani abin tayar da hankali ba. Ta lura dai idan ta zuba 'ya'ya a ruwa kafin ɓarewa, waɗanda ke tasowa sama sun ɗan fi na bara yawa. Ta kwashe su ta watsar a gindin bishiyoyi kamar yadda aka saba, don su zama taki. Da kaka ta ƙare a Janairu ta sallami masu tsinka. 'Ya'yan da suka rage a rassan sama, da waɗanda suka bushe suka yi baƙi, aka bar su inda suke. Haka mahaifinta ya yi shekara da shekaru, ba wanda ke biyan lebura ya tsinko abin da ba za a saya ba.

2011: tarko da feshi

Abu na farko da ta gwada shi ne tarko. Gorar roba ce ake yi wa taga, a rataya ƙaramar kwalba a ciki mai gaurayen barasa iri biyu, metanol kashi uku da etanol kashi ɗaya, a zuba ruwan sabulu a ƙasa. Warin na jawo macen, ta faɗa ruwan ta mutu. Ta rataya su a faɗin gonar. Bayan ruwan farko, ta riƙa tarar da gindin gorunan baƙi ƙirin da ƙwari. Ganin haka hankalinta ya kwanta.

Magungunan da wasu ƙasashe suka dogara da su ba su samuwa a gare ta. Endosulfan, wanda aka daɗe ana fesa wa wannan ƙwaro a wurare da dama, hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke shawarar kawo ƙarshen amfani da shi a 2010. A Fabrairun 2011 jihar ta ba da izinin amfani da wata funfuna mai suna Beauveria bassiana, da ake sayarwa da sunan BotaniGard da Mycotrol. Ba guba ba ce. Abu ne mai rai: ƙurarsa ta manne a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta ratsa fatarsa, ta cinye shi ta ciki.

Ta saya, da tsadarsa. Ta tsara feshi sau ɗaya a wata, ranar Asabar ta farko, da hantsi, don lokacin ne ɗanta ke da sarari ya goya famfon feshi ya bi gangaren. Daga Maris zuwa Agusta ba su tsallake wata ko ɗaya ba.

Kakar 2011 zuwa 2012: awo a bakin inji

A wannan kakar masu inji suka fara ɗibar samfuri daga kowane buhu, su ɓare, su ƙirga masu huda, su rage kuɗi gwargwadon abin da suka gani. A tsinkar farko, cikin Satumba, nata samfurin bai yi muni ba. A ta uku ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ta ƙarshe, cikin Janairu, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Akwai maƙwabtan da aka ƙi karɓar kayansu gaba ɗaya.

Ɓarnar ta fi ciwo a rabin da take sarrafawa da kanta. Ƙwayar da ƙwaro ya ci ba ta da nauyi, tana karyewa a injin casa, wani lokaci ramin ya yi shuɗi-shuɗi. Sai ta zauna da tire a cinya tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, dare bayan dare, ita da mahaifinta da idonsa ya riga ya raunana. Lebura kuwa a kan nauyin abin da ya tsinka ake biyansa, ko lafiyayye ko hudajje. Ta biya kuɗin tsinka cif, ta biya kuɗin magani na wata shida, ta sami Extra Fancy ɗan kaɗan da ba ta taɓa ganin ƙarancinsa haka ba. A ƙarshen kakar ta fara tambayar nawa za a sayi ragowar shekarun hayar gonar.

2012: wuƙa da takardar ƙirga

Malaman gona na Jami'ar Hawai sun riƙa kiran taro a Kona, suna koyar da wata hanyar dubawa da aka aro daga cibiyar binciken gahawa ta Kolambiya, Cenicafé, inda aka daɗe ana fama da ƙwaron. A zaɓi bishiya 30 warwatse a cikin hekta guda. A kowace a kama reshe ɗaya, a ƙirga koren 'ya'yan da ke kai, a ƙirga masu huda. Sannan a tsinko 'yan kaɗan daga masu hudar a tsaga su da wuƙa a ga inda ƙwaron yake.

Tsagawar nan ita ce ta buɗe mata ido. Idan ƙwaron yana bakin rami, bayansa a waje ko yana cikin naman ɗan bai kai ga ƙwaya ba, feshi zai same shi. Idan ya riga ya shige ƙwayar, an gama, ko tulu guda aka juye masa ba zai ji ba. Da ta tsaga nata a watan Yuni, yawancinsu sun riga sun shige. Ashe feshin Asabar ɗin farkon wata sau da yawa yana zuwa ne bayan an rufe ƙofa. Ga kuma lokacin da suke yinsa: hasken rana mai zafi na kashe ƙurar funfunar, ita kuma laima take so.

Ta sauya abu uku. Ta koma duba gona duk mako biyu tun daga kimanin wata biyu bayan babban fure. Ta daina feshi sai ta ga masu huda sun ƙaru kuma ƙwarin suna bakin rami. Ta mayar da feshin la'asar sakaliya, bayan gajimare ya rufe. Kwana goma bayan feshin farko a sabon tsari, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a bara: ɗan farin gashi kamar auduga ya toshe cibiyar 'ya'ya da yawa, gawar ƙwaron na maƙale a ciki. Tarkunan kuwa ta rage su zuwa 'yan kaɗan a gefen gona, aikinsu kawai su nuna mata ranar da ƙwari suka fara tashi.

Kakar 2012 zuwa 2013 ta fi ta baya, samfurin ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma abu ɗaya bai sauya ba: kowace shekara, da 'ya'yan farko sun fara girma, sai ta tarar an riga an huda su da yawa.

2013 zuwa 2015: kala da datsa

A Fabrairun 2013 ta tsinko busassun 'ya'yan nan baƙaƙe da suka kwana a reshe tun kaka, ta tsaga. A cikin guda ɗaya ta ƙirga ƙwari fiye da ashirin, manya da tsutsotsi. Wannan ƙwaro ba shi da wani gida sai ɗan gahawa, a ciki yake haihuwa, a ciki yake jiran shekara ta zagayo. Abin da aka bari a bishiya don ba shi da kasuwa, shi ne rumbun da ke ciyar da shi daga Janairu har sababbin 'ya'ya su fito.

Daga nan ta shigo da kala a matsayin aiki na musamman. Bayan tsinkar ƙarshe, kafin a taɓa datsa, a bi kowace bishiya a tsige komai, kore da ja da baƙi, kar a bar ko ɗaya. Ta riƙe mutum huɗu na kwana goma, ta biya su kuɗin yini maimakon na nauyi, tunda abin da za su tara ba na sayarwa ba ne. Mahaifinta bai so ba. A ganinsa biyan mutum ya tsinko shara almubazzaranci ne, kuma ya faɗa mata haka. Ta ba shi haƙuri ta ci gaba.

Zubar da abin da aka kalato ma sai da dabara. Shawarar malaman gona ita ce a binne shi da zurfi ko a kashe ƙwarin da zafi. Haƙa rami a kan daskararren dutse ba ƙaramin aiki ba ne, don haka ta zuba su a bokitai masu murfi da baƙaƙen ledoji, ta ɗaure, ta jera a rana na makonni. Waɗanda ke tasowa a ruwan wanki ma ta daina watsa su a gindin bishiya. A lokacin kaka ta sa leda a cikin buhunan algarara, a ɗaure baki da zarar sun cika, don kar ƙwarin su fice su koma gona kafin mota ta zo. Ta kuma matso da tsinka kusa-kusa, duk mako biyu zuwa uku, don kar ja ya daɗe a reshe har ya faɗi.

Sai datsa. Tsohon salon Kona shi ne a bar wa kowace bishiya rassa masu shekaru daban-daban, a cire mafi tsufa duk shekara. Wannan na nufin ba bishiyar da ke hutawa, kowace na da 'ya'ya kowace shekara. Akwai wani salon da masana biyu na jami'ar, Beaumont da Fukunaga, suka fitar tun shekarun 1950, inda ake sare layi guda gaba ɗaya a bar kututture, a juya layukan shekara-shekara. Ita sai ta yi shi fili-fili: ta raba gonar huɗu, duk shekara ta sare kashi ɗaya daidai gwiwa. Filin da aka sare ba ya ba da ko ɗa ɗaya a shekarar, ƙwaron da ke wurin ya rasa abin ci. Shekarar farko ta ji a jikinta, don kashi ɗaya cikin huɗu na gonar bai kawo komai ba. Amma bishiyoyin da suka tofo gajeru ne, hannu na kai ƙarshensu, feshi na ratsa su.

A 2014 majalisar jihar ta kafa tallafin da ke mayar wa manoma wani kaso na kuɗin sayen funfunar, abin da ya rage mata nauyi. A kakar 2015 zuwa 2016 samfurinta a bakin inji ya sauko ƙasa da 5 cikin 100 a yawancin tsinka, kuma feshin da ta yi a shekarar bai kai na 2011 yawa ba.

Iyakar kudu

Wuri ɗaya ya ƙi sauka. A kudancin gonar akwai wata tsohuwar gona da masu ita suka bar tsibirin, gahawa ta koma daji a cikinta, ba mai tsinka. Layuka uku na kusa da iyakar kullum sun fi sauran huda, ninki biyu ko fiye. Ta nemi izinin sare bishiyoyin da ke bakin iyakar, ba ta sami amsa ba. Abin da ta iya shi ne ta fara duba wannan gefen kafin ko'ina, ta tsinke shi daban, ta sa a buhunsa daban. Har yau haka ake yi.

Ƙwaron kuwa ya ci gaba da tafiyarsa zuwa wasu tsibiran jihar duk da takunkumi: Oahu a 2014, Maui a 2016, Kauai a 2020.

2020 zuwa 2021: tsatsar ganye

A Oktoban 2020 aka gano cutar tsatsar ganyen gahawa a Maui, wata guda bayan haka aka tabbatar da ita a babban tsibirin. Ita ce cutar da ta rusa noman gahawa a Silon, Siri Lanka ta yau, daga 1869. Garin hoda ne ruwan lemo a bayan ganye, ganyen ya kaɗe, reshe ya bushe. Typica ba ta da juriyarta ko kaɗan. A Mayun 2021 hukumar kare muhalli ta ba da izinin gaggawa na amfani da maganin Priaxor.

Cutar ta shiga gonar a 2021 kuma ta rage amfani a kakar da ta biyo baya. Sai dai an gan ta da wuri, don wadda ta saba bin bishiya 30 duk mako biyu da takarda a hannu, juya ganye ta duba bayansa ƙarin minti kaɗan ne. Gajerun bishiyoyin da iska ke ratsawa ma sun fi dogayen da ba a datse ba sauƙin feshi. Ba a rabu da tsatsar ba, ana dai zaune da ita.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Tarkon bai rage ɓarna ba. Dubban ƙwarin da ke gindin gora ba komai ba ne a kan waɗanda ke cikin 'ya'ya, kuma illarsa ita ce ya sa mai gonar ta ɗauka ana cin nasara har shekara guda ta wuce. Funfunar kuwa tun farko tana da amfani, lokacin fesa ta ne ya ɓaci. Ƙwaron na fili ne na ɗan taƙaitaccen lokaci, tsakanin fitowarsa daga tsohon ɗa da shigarsa sabuwar ƙwaya, kuma kalanda ba ta san wannan lokacin ba, wuƙa ce ta sani. Binciken da masanan ma'aikatar gona ta Amurka suka yi a gonakin Hawai ya nuna haka: feshi bisa abin da aka ƙirga na ba da sakamako daidai da na wata-wata, da ƙarancin feshi.

A ganina kala ce ta juya lamarin, kuma ita ce aka fi jinkirin karɓa, don ba a sayar da ita a kwalba kuma ta saɓa wa abin da iyaye suka saba. Feshi na rage ƙwarin da suka riga suka taso. Kala da datsa fili-fili na rage waɗanda za a fara shekara da su, kuma ƙwaron da ke sabunta zuriya duk wata, yawan da ya fara da shi a Maris shi ke yanke yawan da za a tarar a Disamba. Ina ganin da an yi kala a Janairun 2011, lokacin da ƙwarin ba su da yawa, da asarar kakar da ta biyo baya ba ta kai inda ta kai ba.

Dole kuma a faɗi abin da ya sa wannan hanya ta yiwu a nan. Duk aikin hannu ne, a ƙasar da lebura ke da tsada ƙwarai, a kan gangaren da inji ba ya hawa. Farashin da sunan Kona ke jawowa shi ya biya kwana goman kala da kashi ɗaya cikin huɗu na gonar da ke hutawa. Shi ya sa manoman yankin suka daɗe suna faɗa da dokar da ta bari a rubuta Kona a jikin fakitin da kashi 10 cikin 100 kawai na cikinsa ne daga Kona. A 2024 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta ɗaga kason zuwa 51 cikin 100, za ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2027.

Gonar na hannun mai ita, ba ta sayar da hayar ba. Kuɗin noma ya ƙaru kuma ba zai koma yadda yake kafin 2010 ba. Layuka ukun nan na iyakar kudu har yanzu a buhunsu daban ake kai su inji.